Tambaya da Amsa: Me ya sa aka kori Djokovic alhali ba da gangan ya yi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sha ganin 'yan wasan tanis suna fasa raket ko zagin alƙali, kuma a bar su su ƙarasa wasa. Amma a 2020 aka kori Novak Djokovic daga gasar US Open a kan kuskure. Ina adalci a nan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Hanyar hukunci biyu ce a tanis, kuma haɗa su ne ke kawo ruɗani.

Ta farko hawa-hawa ce. Laifin farko, kamar fasa raket ko ashar, gargaɗi ne kawai. A na biyu ana ba abokin karawa maki ɗaya, a na uku a ba shi gem guda (wato rukunin maki, wanda ake buƙatar aƙalla maki huɗu a ci shi), daga nan kuma ana iya kora. Haka aka yi wa Serena Williams a wasan ƙarshe na US Open a 2018 da Naomi Osaka. Alƙali Carlos Ramos ya gargaɗe ta saboda kocinta ya yi mata ishara daga wurin 'yan kallo, ya karɓe maki da ta fasa raket, sannan ya ba Osaka gem da ta kira shi ɓarawo. Aka ci ta tarar dala 17,000.

Ta biyu kora ce nan take, kuma babban alƙalin gasa ne ke yanke ta, ba wanda ke kan kujera ba. A nan ba a duba niyya, ana duba ganganci da abin da ya haifar. Djokovic ya buga ƙwallo baya cikin fushi, wasa a tsaye, Pablo Carreño Busta na gabansa da gem 6 da 5, ta sami wata mai lura da layi a maƙogwaro har ta faɗi. Ya rasa makin jerin gwanayen duniya da ya samu a gasar da kuɗin ladansa dala 250,000. Tim Henman ya sha irin wannan a Wimbledon a 1995.

A ganinmu korar daidai ce, domin masu lura da layi da yara masu kwasar ƙwallo ba su da abin kare kai. Inda muke da ja shi ne yadda hukunci ke rataye a kan sa'a: ƙwallon nan da ta kauce da taku ɗaya, da gargaɗi kawai zai samu. Dubi Miyu Kato ta Japan a gasar Faransa ta 2023. Ƙwallon da ta tura ba cikin fushi ba ta bugi wata yarinya mai kwasar ƙwallo, alƙali ya yi mata gargaɗi, amma da abokan karawa suka nuna yarinyar na kuka sai aka kira manya, aka mayar da gargaɗin kora. Bai kamata ƙorafin abokin hamayya ya zama ma'aunin irin wannan hukunci ba.