Ga 'yata da aka damƙa wa usur

'Yata, saƙonki ya iso ni bayan sallar isha'i, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin na kwanta. Kin ce wata huɗu ke nan da aka ba ki ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan matan kwalejin, kun buga wasa shida, ɗaya tak kuka ci. Kin ce abin da ke kike yi ido rufe, sai ki nuna musu sau goma ba su ɗauka ba, har ranki ya ɓaci ki karɓe ƙwallon ki yi da kanki. Sannan kika tambaye ni: "Koci, wadda ta iya wasa tana iya koyarwa kuwa? Ko dai in ajiye usur ɗin nan tun ban ɓata 'ya'yan mutane ba?"

Kada ki ajiye. Abin da za ki ajiye shi ne ƙwallon da kike karɓewa daga hannunsu. Iya wasa sana'a ce, koyar da shi wata sana'ar ce daban, kuma ke yanzu 'yar koyo ce a ta biyun, ko da kin yi suna a ta farkon.

Kin san Dawn Staley, don na sha ganin kina kallon wasannin ƙungiyarta ta Jami'ar South Carolina a wayarki. Kocin kika sani, mai kofuna. Ni kuwa tun tana 'yar wasa nake bibiyarta. A 1970 aka haife ta a arewacin Filadelfiya, a rukunin gidajen gwamnati na marasa ƙarfi, kuma da maza ta taso tana wasa a filin unguwa. Tsawonta bai kai mita ɗaya da saba'in ba, wato a wannan wasan gajeriya ce. Ta shiga Jami'ar Virginia a 1988, ta kai su zagayen 'yan huɗun ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka sau uku a jere, ba ta ɗauki kofin ko sau ɗaya ba. A 1991 sun je har wasan ƙarshe, Tennessee ta doke su a ƙarin lokaci, duk da haka ita aka zaɓa gwarzuwar gasar. Da ta gama a 1992 babu gasar ƙwararru ta mata a ƙasarta, dole ta fita ci-rani, ta buga a Sifaniya da Faransa da Italiya da Burazil. Daga baya ta ci zinare a Olamfik sau uku, 1996 da 2000 da 2004, kuma a na ƙarshen ita ta riƙe wa Amurka tuta a bikin buɗewa a Atens.

To, mace mai wannan tarihin, da Jami'ar Temple ta garinsu ta neme ta da aikin koci a shekarar 2000, cewa ta yi ba ta so. Ba ta taɓa zama ko mataimakiyar koci ba. Daraktan wasannin jami'ar, Dave O'Brien, shi ya nace har ta amince. Kuma ba ta bar wasa ba: da rani tana buga wa Charlotte Sting a WNBA, gasar ƙwararrun mata ta Amurka da aka kafa daga baya, daga baya Houston Comets, idan aka koma karatu ta dawo benci. Haka ta yi har 2006. Shekara shida tana jin faɗan koci a kunnenta, tana kuma yi wa wasu. Ina ganin wannan ya yi mata rana, domin ba ta samu sararin manta yadda tsawa take sauka a zuciyar ɗan wasa ba. Ke bara-bara kika bar fili, ba ki manta ba tukuna. Ki riƙe wannan da kyau, yana saurin gushewa.

Abin da ya bi ta daga fili zuwa benci shi ne gurbin da ta buga. Mai rarraba ƙwallo ce, lamba ɗaya, irin gurbinki. Ki tuna me nake gaya miki kullum kina ƙarama: idan ƙwallo tana hannunki, idonki ba na ƙwallo ba ne, na mutum huɗun nan ne. Wace ce ta gaji, wace ce ta yi minti biyar ba ta taɓa ƙwallo ba har ta fara sanyi, wace ce ke son fasin a ƙirji, wace ce sai an buga mata a ƙasa. Wannan idon shi ne jarin koci. Yanka da jifan nesa da kike taƙama da su, a jikinki suke, da su za ki tsufa, ba a zuba wa wani su a cokali. Idon kuwa yana aiki ko kina tsaye a gefen layi da takalmin gida.

Na taɓa yin irin kuskurenki, kuma har yau yana damuna. A wata makarantar 'yan mata da na koyar shekarun baya, akwai wata doguwa da ta kasa shiga kwando ta hagu. Na nuna, na sake nunawa, na ɗaga murya a gaban 'yan uwanta. Ran nan na rasa abin yi, na zauna a kan bokitin ruwa na ce ta yi ta yi, ni kallo kawai zan yi. A karo na shida ko na bakwai na gani: da ƙafar hagu take tashi, alhali mai shiga ta hagu da ƙafar dama ake tashi. Mako uku ina kallon hannunta, matsalar tana ƙasa. Na ɗauko alli na zana mata sawu biyu a siminti, na karɓe ƙwallon gaba ɗaya, na ce ta taka hagu, ta taka dama, ta tashi, ba ƙwallo ba komai. Kwana biyu abin ya zauna. Amma tsawar da na yi mata ta riga ta shiga, har ta gama makarantar ba ta ƙara tambayata komai ba sai ta aiko ƙawarta. Lokacin da kike nunawa, kanki kike kallo. Sai kin zauna za ki ga yarinyar.

Game da wasa ɗaya cikin shida kuma. Staley ta bar Temple a 2008 da nasara 172, ta kai su babbar gasar ƙasa sau shida, ta koma South Carolina. Kakarta ta farko a can ta ci wasa 10, aka ci ta 18. Ta biyu, 14 da 15. Mai zinare uku fa. Sai a kaka ta huɗu, a 2012, suka shiga gasar ƙasa, kofin farko kuma sai 2017, shekara tara da zuwanta, lokacin da suka doke Mississippi State 67 da 55. A tsakanin nan ba zane-zanen dabaru kaɗai take yi ba. Rabin aikin kocin jami'a a Amurka a falon iyaye ake yinsa, ana lallashinsu su ba da 'yarsu, sauran kuma bin diddigin karatu, don wadda makinta ya faɗi doka ba ta barinta ta buga. Babban kamun da ya juya tarihinta shi ne A'ja Wilson, 'yar jihar, wadda manyan jami'o'i suka yi ta zawarci, ta zaɓi zama gida a 2014. Ke ma kina da naki falon. Mahaifin da ke ɗari-ɗari da barin 'yarsa ta yi wasa, ki je ki durƙusa ki gaishe shi, ki gaya masa ƙarfe nawa ake tashi daga tirenin, wa ke raka su idan za a yi tafiya, da irin kayan da za ta sa. Ki sanar da shi cewa tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta halatta wasa da ɗankwali ko hijabi. Sau da yawa wannan zaman ya fi atisayen mako guda amfani.

Akwai wasa ɗaya da nake so ki nemo ki kalla daga farko har ƙarshe, da biro a hannu. A 2023 South Carolina ta zo wasan kusa da na ƙarshe ba a taɓa cin ta ba, Iowa ta fitar da ita 77 da 73. A wasan ne Caitlin Clark ta Iowa ta ga Raven Johnson ta South Carolina riƙe da ƙwallo a bayan layin maki uku, ta yi mata nuni da hannu alamar ba ta ma isa a tsare ta ba, ta juya. Duniya ta yi ta yawo da hoton. Yarinya ce ƙarama, irin wannan yana iya kashe mata wasa har abada. Bayan kakar, duka biyar ɗin da ke fara wa Staley wasa suka tafi. Ta ɗauki Raven ta sa ta cikin masu farawa. Da suka sake haɗuwa da Iowa a wasan ƙarshe na 2024, Iowa ta fara da maki 10 ba ko ɗaya, Clark ita kaɗai ta zuba 18 a zangon farko. Ki kalli Staley a lokacin, ba ta birkice ba. Ta ɗora Raven a kan Clark, kuma dab da hutun rabin lokaci Raven ta zare ƙwallo daga hannun Clark ta ruga ta jefa. An tashi 87 da 75, wasa 38 ba faɗuwa. 'Yan bencinta sun kawo maki 37, na Iowa ko ɗaya, kuma wadda ta fi ci musu, Tessa Johnson, 'yar shekarar farko ce da ta taso daga benci. Duk wannan Staley ba ta taɓa ƙwallo ba. Ta san wa za ta sa, a kan wa, a wane minti, kuma ta shafe shekara tana gyara zuciyar yarinyar da aka wulaƙanta. Ni a wurina wannan ya fi zinarenta uku wuya.

Mu ma mun ɗanɗana hannunta. A Olamfik na Tokyo ita ce kocin Amurka, wasansu na farko da D'Tigress ne, ƙungiyar matan Najeriya, suka ci mu 81 da 72. Bayan shekara uku Rena Wakama, wadda ita ma tsohuwar 'yar wasa ce da ta koyi aikin a matsayin mataimakiya a jami'o'in Amurka, ta kai D'Tigress zagayen 'yan takwas a Faris, abin da wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa yi ba. Hanyar da kika hau ba daji ba ce, akwai sawun mata a kanta.

Wani abu na Staley da nake ƙauna: Carolyn Peck, baƙar mace ta farko da ta ci kofin a matsayin koci, da Purdue a 1999, ta ba ta ɗan guntun ragar da ta yanka a ranar nasararta. Staley ta riƙa yawo da shi a jakarta har ta ci nata, daga baya ita ma ta yayyanka ragarta ta 2017 ta aika wa baƙaƙen mata masu horarwa a jami'o'i. Ba ni da ragar kofi da zan ba ki, amma littafin da nake rubuta atisayena tun kuna ƙanana yana nan, naki ne.

Ranar Asabar zan zo tireninku da ƙarfe bakwai, in Allah ya kai mu. Ba zan ce uffan a gaban yaranki ba, fili naki ne. Kafin nan ki rubuta sunan kowace yarinya, a gabansa abu ɗaya da ta iya da abu ɗaya da ke ba ta wahala, kuma kada ki rubuta "ba ta da ƙoƙari", ki rubuta ƙafa ce, ko ido, ko tsoro. Ki zo da alli. Ƙwallon kuma ki ba kyaftin ɗinku ta riƙe tun daga ƙofa. Ki gaida mahaifiyarki.