Amsa ga Dokta: ajiye wuƙa don binciken garkuwar jiki

Wa alaikumus salam, Dokta. Ka ce kana tsakiyar horon fiɗa a Amurka, hankalinka ya karkata ga yaƙar ciwon kansa (sankara) da garkuwar jiki, kana tambaya ko ka dakata shekara biyu ka shiga ɗakin bincike, ko kuwa ɓata lokaci ne. Ni da na bi hanyar, ce maka zan yi ka shiga, amma da sharaɗi.

Kada wani ya ce maka fagen nan ba na likitan fiɗa ba ne. William Coley, wanda ya yi wa mai sankara allurar ƙwayoyin cuta a 1891 don ya tayar da garkuwar jikinsa, likitan fiɗa ne a New York. Steven Rosenberg, da ya karɓi shugabancin sashen fiɗa na cibiyar binciken kansa ta ƙasar Amurka (NCI) a Bethesda tun 1974, shi ma haka. Aikinsa ne ya share wa IL-2, sinadarin da ke haɓaka ƙwayoyin garkuwar jiki, hanya har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 1992 don kansar ƙoda.

Abin da mu likitocin fiɗa muka fi saura da shi, ƙarin kansar a hannunmu yake fitowa. Ka yanko shi, ka sa a ruwan adana shi, ka ruga da shi ɗakin bincike tun bai lalace ba. A can za ka yayyanka shi ƙanana, ka jera a faranti mai ramuka, ka zuba IL-2, sai jira. Bayan kwanaki ka leƙa madubin ƙara girma ka ga ƙwayoyin T na garkuwar jiki sun fito daga cikin naman sun yi cincirindo. Su ake kira TIL. A hayayyafa su zuwa biliyoyi, a mayar wa mara lafiya. Kai kuma ka san fuskar mai naman nan, ka san 'ya'yansa da ke zaune a bakin ƙofa. Wannan sanin yana canza irin tambayar da mutum zai yi wa bincikensa.

To amma a sa haƙuri. Rosenberg ya wallafa sakamakon TIL a 1988, ba a amince da maganin farko na irinsa ba, wato lifileucel, sai Fabrairun 2024. Mai son sakamako kafin la'asar, kamar yadda muka saba a tiyata, zai sha wuya. Ƙwayoyin ba su san Asabar da Lahadi ba, kuma rana guda za ka tarar cuta ta shiga farantin, aikin wata guda ya tafi kwandon shara.

Sharaɗin shi ne a ba ka lokaci naka na kanka, a rubuce. Na ga inda aka ce wa yaro shekarar bincike ce, amma duk daren da aka rasa mai kwana a asibiti shi ake kira. Ƙarshenta bai zama mai bincike ba, fiɗar ma ba ta ƙaru ba. Kwana ɗaya-ɗaya don kada hannu ya yi tsatsa, wannan babu laifi, har ma yana taimaka wa aljihu.

Batun kuɗi kuwa, ka bincika tun yanzu. Tallafin horon bincike na gwamnatin Amurka mai suna T32 na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. In kana kan biza, sai dai malaminka ya biya ka daga nasa tallafin ko sashenku ya ɗauki nauyi.

Malamin ma kada sunansa ya ruɗe ka. Nemi waɗanda suka gama a hannunsa, ka tambaye su sau nawa yake zama da su, sunan wa ke zuwa farko a takardar da aka wallafa, kuma su nawa ne har yau suke haɗa fiɗa da bincike. Kafin ka isa, ka fara koyon lissafin ƙididdiga da manhajar R, domin bayanan ƙwayoyin halitta yanzu sun fi ƙarfin Excel. In ka tsayar da wurare biyu ko uku, kawo su nan mu duba tare. Allah ya yi jagora.