Amsa: fim ɗin Amina zai yi a gina wasan tebur a kansa?

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda ya fito a Netflix a 2021, kana so ka mayar da shi wasan kwaikwayon tebur irin su Dungeons & Dragons, inda kowane ɗan wasa ke taka rawar mutum ɗaya, mai jan labari yana jagorantar su, amma kana tsoron kada ka koya wa abokanka tarihin ƙarya. Na daɗe ina jan irin wannan wasa, kuma shawarata ita ce ka ɗauki fim ɗin don ya motsa maka zuciya, amma kada ka kafa duniyar wasanka a kansa.

Abin da aka rubuta game da Amina kaɗan ne ƙwarai. Tarihin Kano, wanda Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, ta yi shekara 34 tana yaƙe-yaƙe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ce a Attagara ta rasu. Wata ruwayar kuwa ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, ta kai ta ƙarni na 16. Tsakanin zamanan nan biyu akwai fiye da shekara ɗari. Mai fim dole ya zaɓi ɗaya ya cike gurbi da ƙirƙira, ba na ganin laifinsa a nan. Kai kuwa ba dole ba ne. A teburina, maroƙi a kasuwa yana ba da ruwaya ɗaya, tsohon malami ya ba da wata, 'yan wasa su yanke wa za su gaskata. Har zancen nan na cewa takan kwana da namiji a kowane gari ta kashe shi da safe, jita-jita nake mayar da shi a bakin abokan gabarta, ba hukuncin mai jan labari ba.

Inda ba na sassautawa shi ne rayuwar yau da kullum, nan ne wasa ke samun nauyi. Da rani ake fita yaƙi, damina ta noma ce, rafuka sun cika. In rundunar 'yan wasanka ta nausa kudu wajen Nufe, ƙudan tsando zai fara kashe musu dawaki, to ka sa su jefa dayis, wato ƙwayar wasa mai lambobi, a kan lafiyar kowane doki. Lifidi da sulke da kwalkwali, Tarihin Kano ya danganta shigowarsu da Sarkin Kano Kanajeji, kafin Dauda, saboda haka barade za su iya sa su. Amma kaya ne masu tsada da nauyi, ka rage wa mai lifidi gudu, kuma ba kowa ne zai samu ba. Gari mai ganuwa ba a cinsa da sukuwa ɗaya. Zama ake yi a ƙofarsa har abinci ya ƙare wa wani ɓangare. Goro kuma dukiya ce mai lalacewa in ba a kula da huhunsa ba. Rako ayarin goron Nufe zuwa Zazzau kaɗai ya ishe ku zama da yawa.

Abu ɗaya kuma: kada ka ba kowa Amina ya taka. Duk wanda ya riƙe ta zai danne sauran, labarin kuma ya zama an san ƙarshensa. Ka ba su bawan sarki, da maƙeri, da jakadiya, da ɗan Madawaki mai neman suna. Ita a riƙa jin umarninta daga nesa. Zaman farko ka fara da aike: an tura su wani ƙauye su tara mutanen da za su yi aikin ganuwa, dagacin kuma ya ce ba zai ba da ko mutum ɗaya ba sai an gama girbi.