Likita, wane salon haruffa ne ba ya gajiyar da ido?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na sayi Kindle, wato na'urar karanta littattafai, na tarar da salon haruffa iri-iri a ciki. Wanne ya fi wa ido lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Malam, babu salon da ke lalata ido. Haruffan kashi biyu ne. Akwai masu 'yan ƙafafu a ƙarshen kowane zane, irin Georgia da Bookerly, wanda Amazon ya fito da shi a 2015 musamman don Kindle. Akwai kuma marasa ƙafa, irin Verdana da Helvetica. An daɗe ana gardama a kansu, amma bincike bai nuna wani ya yi wa wani fintinkau ba. Abin da ido ya fi ji a jikinsa shi ne girman harafi, kaurinsa, da tazarar da ke tsakanin layi da layi.

Ka gwada da kanka. Buɗe shafi ɗaya, ka karanta da wannan salo na minti goma, sannan ka sauya. Duba ko kana bambance ƙaramin l da babban I da lamba 1, ko kuma r da n suna mannewa su zama kamar m. In littafin Hausa ne, duba ƙ, ɗ da ɓ, domin wani salon ba shi da su, sai na'ura ta aro daga wani wuri su fito a karkace, ko ka ga ɗan akwati a gurbinsu. Charis SIL da Andika suna da su cif, kuma Kindle da Kobo, wata na'urar karatu irinta, duk suna yarda ka saka salon da kake so.

Tambaya: Shekarata 46. Kullum ƙara girman rubutu nake yi, yanzu layi bai wuce kalma huɗu ba, sai na nisanta na'urar kafin in gani sosai.

Amsa: Hajiya, wannan tambayar ta fi damuna. Matsalar ba ta salon haruffa ba ce. A cikin ido akwai wani abu mai kama da gilashi, wanda yake lanƙwasuwa idan za a dubi abu na kusa. Daga wajen shekara 40 yakan fara taurara, shi ya sa hannu yake ta miƙewa da littafi. Kowa zai kai nan in da rai, kuma tabaran karatu yana gyara shi nan take. Da tabaran da ya dace, za ki riƙe na'urar a tazarar santimita 40 ki karanta ba tare da tsuke ido ba.

Ƙara girman rubutu ba laifi ba ne, yana ma cikin alherin waɗannan na'urori. Tsorona shi ne yakan ɓoye ciwo. Mutum ya yi ta danna maɓalli shekara da shekaru, alhali yanar ido ce ke tasowa, ko ciwon suga ya fara taɓa bayan ido. Hawan jinin ido kuwa yana cin gani daga gefe a ɓoye, mai shi yana karatunsa lafiya lau har sai ɓarna ta yi nisa, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Don Allah ki je a auna miki ido, a duba har cikinsa. In gani ya dushe farat ɗaya, ko layuka suka fara lanƙwashewa, ranar za ki je asibiti, kada ki kwana.

Tambaya: Bayan awa guda ina karatu sai ido ya yi ta raɗaɗi kamar an zuba yashi, har da hawaye.

Amsa: Bushewa ce. Mutum yakan ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti, amma da karatu ya ɗauke masa hankali sai ƙiftawar ta ragu ƙwarai, ido ya bushe, ya mayar da martani da hawaye. Duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Ka kauce wa iskar fanka a fuska, ka buɗa tazarar layi, ka daidaita hasken allo da na ɗakin, kada ya fi shi. In bai lafa ba, a duba ka, wataƙila a ba ka maganin ɗigawa mai jiƙa ido.

Tambaya: Ɗana yana shan wahalar haɗa baƙi, an ce in sa masa OpenDyslexic, salon haruffan da aka tsara don masu irin wannan matsala. Zai warke?

Amsa: 'Yar'uwa, gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna yana ƙara saurin karatu ko rage kuskure ba. In yaron ya ji daɗinsa, a bar masa. Manyan haruffa, gajerun layuka da tazara mai faɗi sukan taimaka wa wasu yaran. Amma a fara auna masa gani da ji, sannan a nemi malamin da ya ƙware wajen koyar da irin waɗannan yara, domin matsalar tana wajen danganta harafi da sautinsa ne, kuma koyarwa cikin haƙuri ce ke sauƙaƙa ta.