Filin Amsoshinku: Kakar matata ta kai 88, ni kuma ina jiran kuɗin fim

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni Bazazzagi ne, karatu ya kawo ni Jami'ar Hawai'i da ke Manoa shekara 11 da suka wuce, aure kuma ya zaunar da ni. Matata 'yar asalin tsibiran nan ce, Allah ya ba mu 'ya'ya biyu. Kakarta ta wajen uwa, wadda kowa ke kira Tutu, tana zaune a Hilo, wani gari a babban tsibirin Hawai'i, shekararta 88. A kwarin Waipi'o ta tashi a hannun tata kakar, suna noman gwaza, har ruwan teku ya zo ya share gonakin. In ta fara ba da labari sai dare ya raba ba mu sani ba. Ina so in yi fim ɗin tarihinta, na gaske ba wasan kwaikwayo ba, don yarana su san tushensu ta wajen uwa. Ban taɓa yin fim ba. Ina da dala 4,000 a ajiye da kyamarar aro. Shekara biyu ke nan ina neman tallafi, sau biyu ana ce mini a'a. In ci gaba da jira har kuɗi su samu? Ina ma ake samunsu? Sannan wani kawun matata ya ce mini, cikin raha amma na ji ta har ƙashi, wai me ya haɗa baƙo da labarinsu.

Mai karatunku, daga Honolulu

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu taɓa maganar dala ko ɗaya, ka yanki tikitin Hilo a makon nan. Daga Honolulu jirgi bai cika awa guda ba. Shekara biyun da ka kwashe kana cike takardu, ita Tutu ta yi su ne daga 86 zuwa 88.

Ba da ka nake wannan maganar ba. Lokacin da nake aikin rediyo ina da gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta san waƙoƙin niƙa da na daɓe, ta kuma san sunayen kakanninmu bakwai a jere da garin da kowanne ya baro. Na ce sai an ba ni babban rikoda na ofis zan ɗauke ta, don ƙaramin nawa ba ya fitar da murya yadda nake so. Takardar neman rikodan tana kan teburin wani oga damina ta faɗi, gwaggo ta kwanta, kwana tara aka yi jana'izarta. Yau da zan sami muryarta ko a kaset mai shaƙewa ne, da na saye shi da albashin shekara.

Saboda haka abin da za ka fara saya ɗan makirfon nan ne da ake maƙalawa a wuyan riga, da abin saurare na kunne, da ma'ajiyar bidiyo guda biyu. Kyamarar aron ta isa. Mai kallo yana yafe hoton da ya ɗan yi duhu, amma in bai ji abin da tsohuwa ke faɗa ba, minti biyu ya tashi. Hilo kuwa gari ne mai wahalar ɗaukar murya: ruwan sama kusan kullum, in ya sauka a kan rufin kwano sai ka ce ana kiɗan kalangu, da dare kuma ƙananan kwaɗin nan da ake kira koki su cika unguwa da ihu. Ka ɗauke ta da hantsi. A kashe fanka, a cire firji daga wuta (ka ajiye makullin motarka a cikinsa don kada ka tafi ka manta ba ka mayar ba), a kashe rediyo. Duk abin da ka ɗauka ka kwafe shi gida biyu a ranar, ɗaya ya kwana a wani gidan daban. Gobarar garin Lahaina na tsibirin Maui ta watan Agustan 2023, bayan rayuka fiye da 100 da ta ci, ta lashe hotuna da takardun iyalai da yawa waɗanda ba su da kwafi ko'ina.

Kada ka zaunar da ita ka ce "ba mu labarin al'adunku". Wannan tambayar ɗan yawon buɗe ido ce, amsar da ake ba ɗan yawon buɗe ido za ka samu. Tambaye ta wa yake kirɓa gwaza a gidansu in za a yi poi, wato tuwon gwazarsu, da wane suna kakarta ke kiranta in ta yi laifi, me ta riƙo a hannu ranar da ruwa ya zo. Ranar kuwa sananniya ce: 1 ga Afrilu 1946, girgizar ƙasa a can tsibiran Alaska ta turo igiyar tsunami da ta kashe mutum 159 a Hawai'i, mafi yawansu a Hilo da kewaye, ta kuma lalata gonakin gwaza na Waipi'o har iyalai da dama suka bar kwarin. Tana 'yar shekara takwas ko tara a lokacin, shekarun da yaro ba ya mantuwa. In ta yi shiru kada ka cike shirun da wata tambayar. Bar kyamara ta ci gaba da aiki.

Akwai wani wuri da nake so ka kasa kunne. Mai yiwuwa ta ce maka, cikin jin nauyi, ita ba ta iya harshensu sosai ba, tana dai ji. Kada ka wuce wurin, a nan fim ɗinka yake. A watan Janairun 1893 wasu 'yan kasuwa Turawa, da goyon bayan sojojin ruwan Amurka, suka hamɓarar da Sarauniya Lili'uokalani. A 1896 aka yi dokar da ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa a makarantu, a 1898 Amurka ta haɗiye ƙasar. Yaran da suka tashi bayan nan an sha hukunta su a makaranta in suka yi harshen gida, iyaye da yawa kuma suka daina yi musu don kada su jawo musu wahala. Tsarar Tutu su ne suka ji kakanni na yi, suna amsawa da Ingilishi. Sai a 1978 jihar ta mayar da harshen na hukuma, a 1984 aka buɗe makarantar renon yara ta farko ta Punana Leo inda ba a magana sai da shi. Ni abin da ke burge ni a tarihin nan, a matsayina na tsohon ɗan rediyo, shi ne Larry Kimura, wanda daga 1972 zuwa 1988 ya yi ta gayyato tsofaffi masu harshen a baki cikin shirinsa na rediyo. Faifan hirarrakin nan su ne masu koyo ke saurare har yau. Shi bai jira babban rikoda ba.

To, maganar kuɗi. Ina kyautata zaton abin da ya sa aka ce maka a'a sau biyu shi ne takarda ka aika, ba hoto. Mutumin da bai taɓa yin fim ba, ba abin da zai sa a yarda da shi sai somin-taɓi: minti biyar zuwa bakwai na Tutu tana magana, tana dariya, hannunta na ɓare gwaza. Ka ga ashe ko don kuɗin ma tafiya Hilo ce farko. In kana bukatar koyon tace hoto, tashar al'umma ta 'Olelo a O'ahu, tsibirin da Honolulu take, tana horar da mazauna tsibirin tana kuma ba su aron kayan aiki, a Hilo ma akwai takwararta, Na Leo.

Abu na biyu da sababbin shiga ba su sani ba: yawancin gidauniyoyin Amurka ba sa ba mutum ɗaya kuɗi a hannu, sai ƙungiya mai rajistar aikin sa-kai. Shi ya sa masu fim ke neman uwar ɗaki, wato ƙungiyar da za ta karɓi kuɗin da sunanta ta miƙa maka, ta cire ladanta, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100. International Documentary Association tana wannan aikin, haka ma Women Make Movies in matarka ce ke jan ragamar fim ɗin. Wanda ya ba ka gudummawa ta wannan hanya yana samun rangwamen haraji, ka kuwa san yadda wannan ke buɗe aljihun Ba'amurke. A nan Honolulu ƙofar da ta fi dacewa da kai ita ce Pacific Islanders in Communications, wadda tun 1991 take tallafa wa finafinan mutanen tsibiran Pasifik don tashoshin talabijin na jama'a. Sai dai ka je da sanin cewa rijiyar ta ja baya: a 2025 majalisar dokokin Amurka ta janye kimanin dala biliyan 1.1 da aka ware wa hukumar da ke ɗaukar nauyin irin waɗannan tashoshi a lokacin. Ka gwada Hawai'i Council for the Humanities ma, su kuma za su so ganin wani malamin tarihi ko na harshe a cikin tafiyar.

Ni dai da ni ne, karo-karo zan fi dogara da shi. A shafin karo-karo na Kickstarter in ba ka cika adadin da ka sa ba, ko sisi ba ka samu, in ka cika su cire kashi 5 ban da ladan katin banki. Seed&Spark, wanda aka kafa domin masu fim, yana sakin kuɗi in ka kai kashi 80. Kada ka ruɗi kanka cewa baƙi daga intanet za su yi maka ruwan dala. Gudummawar biki ce aka sa wa rigar zamani, wanda ya san ka shi ke bayarwa. Sa'arka ɗaya, dangin matarka suna da yawa kuma sun bazu. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan asalin Hawai'i da ke zaune a sauran jihohin Amurka sun fi na gida yawa, har Las Vegas ake wa laƙabi da tsibirin Hawai'i na tara. Mutumin da tsadar haya ta kora daga garinsu, in ya ga minti biyar na Waipi'o da muryar tsohuwa irin ta kakarsa, zai sa hannu a aljihu. Mutanenka na Zariya kuwa ka bar su da addu'a da yaɗa sanarwa, kada ka sa su canza naira zuwa dala.

Ina kuɗin za su tafi? Ba wajen ɗauka ba. Mai tace hoto ne zai cinye kaso mafi tsoka, don awa talatin na hira ba ta zama fim a mako biyu. Sai hakkin mallaka. Kallon tsofaffin hotuna a gidan tarihi na Bishop Museum, ko tsofaffin finafinai a ma'ajiyar 'Ulu'ulu ta jami'arku reshen yammacin O'ahu, abu ne daban da sa su a fim ɗinka, wannan sai da izini kuma sau da yawa sai da biya. Waƙa ma haka, ko Tutu ce ta rera da bakinta ka tambayi wanda ya tsara ta. Kowa ya fito a hoto ya sa hannu a takardar amincewa, har surukarka. In talabijin za ta nuna, za ta nemi inshorar da ke kare ta daga ƙara. Cikin gida ba ka bukatar izinin hukuma, amma bakin teku da wuraren shaƙatawa na jiha sai da takarda daga ofishin finafinai. Hanyar gangarawa Waipi'o kuma tun 2022 aka taƙaita shigarta, sai ka bi ta hannun masu alaƙa da kwarin. Duk wannan ne ya sa nake ba ka shawara ka yi fim na minti 20 zuwa 25. Gajeren da aka gama yana iya shiga bikin finafinai na Hawai'i da ake yi tun 1981. Dogon da ba a gama ba yana cikin kwamfuta.

Ga wani abu na kyauta. A 1897 mutum fiye da 21,000, maza da mata, suka sa hannu a takardun ƙin amincewa da haɗe ƙasarsu da Amurka, gunduma-gunduma, da yawa har da shekarunsu a gefe. An buga takardun a intanet. Jaridun harshen Hawai'i kuma, waɗanda aka yi ta bugawa daga 1834 zuwa 1948, ana binciken suna a cikinsu a rumbun Papakilo. Ku zauna da matarka ku nemi sunan kakar da ta riƙi Tutu, ko na iyayenta. In kun dace, kada ku faɗa mata a waya. Ku buga shafin, ku kunna kyamara, ku miƙa mata.

Saura kawu. Gaskiya ya faɗa maka, ka gode masa. Fiye da shekara ɗari baƙi na zuwa da kyamara suna ɗaukar rairayin bakin teku da 'yan mata masu rawar gargajiyarsu da ake kira hula, su tafi su sayar, masu ƙasa suna gefe kamar kayan ado. Su suna da kalma, kuleana, wadda ta haɗa hakki da nauyi wuri ɗaya: wa ke da hurumin faɗar wannan magana, wa kuma zai ɗauki alhakinta. Kai ma ka san wannan tun daga gida. A Zazzau suruki ba ya miƙewa a taron dangi ya ce bari ya ba da tarihin gidan. Matarka ta zauna kusa da kyamara ta yi tambayoyin, sunanta ya fito tare da naka a matsayin mai shiryawa, ba don ado ba, ta kasance tana da ikon cewa a cire. Masu ba da tallafi ma wannan tambayar ta kawu za su yi maka, da Turancin ofis. Akwai abin da ba a ɗauka: inda aka binne ƙasusuwan kakanni, wasu kirarin gida, wani sashe na salsala. In aka ce kashe, ka kashe ba gardama. Kuma dangi su fara ganin fim ɗin kafin kowane alƙalin biki.

Amma kada ka raina abin da ka zo da shi. Riƙon da kakar Tutu ta yi mata, wanda suke kira hanai, Bature sai an yi masa dogon bayani, kai kuwa ƙila kai kanka ɗan riƙo ne, ko yayanka ɗan fari a ɗakin kaka ya girma. Ka faɗa wa kawu haka. Ka nuna masa cewa ɗan tsayawar murya da ke cikin Hawai'i da Waipi'o, wanda baƙi ke haɗiyewa, kai da shi ka tashi a sa'a da jama'a. Ka roƙe shi ya zama mai ba ku shawara, ya kuma raka ku kwarin.

In za ka je wurinsa ka cire takalmi a bakin ƙofa, wannan ba sai an koya maka ba, kuma kada ka je hannu rabbana. Goro ba zai yi masa amfani ba, kilishi kuwa ba ya tsallake kwastan ɗin Amurka. Ka sayi nama a Hilo ka yi masa tsire da hannunka, ka rage yaji.