Bakina Yana Cewa Alhamdulillah, Zuciyata Gajiya Take Ji: Ina Da Laifi?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki, shekara biyu ke nan yana kwance. Ni ce kwantarwa, ni ce tayarwa, ga yara huɗu. Idan abin ya cika mini ciki nakan kira yayata in zazzage mata, wani lokaci har da kuka. Rannan wata babba a danginmu ta ji ni, ta ce ba ni da godiyar Allah, wai mai imani ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin mutane. Tun daga nan na kama bakina. Kowa ya tambaye ni sai in ce alhamdulillah, amma wallahi Malam ban ji godiyar a zuciyata ba, gajiya kawai nake ji. Abin da nake yi da yayata laifi ne? Kuma wannan alhamdulillah ɗin tawa ba munafunci ba ce?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya tashi kafaɗar maigidanki, ya sa kaffara ce, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

'Yar'uwa, na lura an ɗora miki kayan da shari'a ba ta ɗora miki ba, don haka bari mu fara ware wajibi daga wanda ba wajibi ba. Malamai sun kasa halin mutum a lokacin musiba hawa-hawa. Na ƙasa shi ne fushi da hukuncin Allah, mutum ya ga kamar an zalunce shi, wannan haramun ne. Sai haƙuri, shi ne wajibi. Sai yarda, wato zuciya ta kwanta da abin da ya faru, kuma zance mafi rinjaye, wanda Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka tafi a kai, shi ne mustahabbi ce. Can sama kuma akwai godiya a kan musibar ita kanta, darajar da ba kowa ke taka ta ba. Abin da za a tambaye ki ranar gobe shi ne haƙuri: ki tsare zuciya daga tuhumar Allah, ki tsare harshe daga maganar da ke sukar ƙaddara, ki tsare gaɓɓai daga marin fuska da yaga tufafi da aka hana a hadisin Ibnu Mas'ud. Gajiya da ɗacin rai ba su shiga cikin abin da aka hana ba. Ai da babu ɗaci, da ba a kira shi haƙuri ba.

Maganar wannan babbar taku tana da tushe, sai dai an ajiye ta inda ba wurinta ba. Kai kuka iri-iri ne. Akwai kai kuka ga Allah, wannan ibada ce. Annabi Yaƙub, wanda ya yi alkawarin haƙuri mai kyau, shi ne dai ya ce a Suratu Yusuf aya ta 86 yana kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah ne kaɗai, bayan idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Annabi Ayyub ya ce cuta ta shafe ni, kuma duk da haka Allah ya shaide shi a Suratu Sad da cewa ya same shi mai haƙuri.

Akwai kuma faɗa wa mutum halin da kake ciki, don neman shawara, ko taimako, ko dai a samu sauƙin zuciya. Wannan halas ne muddin babu sukar hukuncin Allah a ciki. Nana A'isha ta ce wayyo kaina, Manzon Allah (SAW) bai ce mata ta rasa godiya ba, cewa ya yi, a'a, ni ne da wayyo kaina. Buhari ne ya ruwaito. Ibnu Mas'ud ya shiga wurin Manzon Allah (SAW) ya taɓa jikinsa ya ji zafi, sai Annabi ya ce masa lallai zazzaɓin mutum biyu daga cikinku nake yi. Da ɗansa Ibrahim yake fitar rai a shekara ta 10 bayan hijira, idanunsa suka zubar da hawaye har Abdurrahman bin Auf ya ce, har kai ma ya Manzon Allah? Ya ce wannan rahama ce, sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗar komai sai abin da zai yardar da Ubangijinmu. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ma'aunin da za ki riƙe.

Wanda aka hana shi ne kai ƙarar Allah wurin bayinsa: me na yi wa Allah, me ya sa sai ni, ga wance ko salla ba ta yi amma tana cikin daɗi. Ki auna maganganunki da yayarki a kan wannan. Idan cewa kike yi Yaya na gaji, jiya ban runtsa ba, ki taya ni da addu'a, to babu komai a kanki, ci gaba da kiran ta. Idan harshe ya taɓa zamewa zuwa waccan, istigfari ya wadatar.

A nan zan ɗan yi magana da masu zuwa dubiya. Wasunmu sun mayar da "ki gode wa Allah" murfin rufe bakin mai ciwo don kada a ji abin da zai sa a taimaka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ta shekara biyu tana jinya, abin da ya fi dacewa da ita shi ne a karɓe ta ko na wuni ɗaya ta samu barci, nasihar ta biyo baya.

Batun munafunci kuwa, cire shi daga ranki. Munafuki yana faɗar abin da zuciyarsa ta ƙaryata ne. Ke zuciyarki ba ta ƙaryata cewa Allah ya cancanci yabo ba, ɗanɗanon ne ba ki ji ba tukuna. An ruwaito cewa idan Manzon Allah (SAW) ya ga abin da ba ya so yakan ce alhamdulillahi ala kulli hal, godiya ta tabbata ga Allah a kowane hali. Riƙe wannan lafazin, ya fi dacewa da halinki, kuma gaskiya tsantsa kike faɗa. Tsoron munafuncin ma da ya sa kika rubuto alama ce mai kyau.

Amma ba zan bar ki a nan ba, domin godiyar da kike nema tana da ƙofa, kuma magabata sun nuna ta. Ba a kan ciwon suke fara godiya ba, a kan abin da ciwon bai taɓa ba ne. Urwa bin Zubair, ɗaya daga manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, ya tafi Sham wurin halifa Walid bin Abdulmalik. A wannan tafiya cuta ta ci ƙafarsa har sai da aka yanke ta, kuma a tafiyar dai dabba ta harbi ɗansa Muhammad ya rasu. Duba lissafin da ya yi. Ya ce ya Allah, ina da gaɓɓai huɗu ka ɗauki ɗaya ka bar mini uku, ina da 'ya'ya maza bakwai ka ɗauki ɗaya ka bar mini shida, idan ka karɓa ai ka bari, idan ka jarraba ai ka ba da lafiya. Bai ce bai ji zafi ba, shi ne ma ya karanta ayar nan ta Suratul Kahfi, lallai mun haɗu da wahala a wannan tafiya tamu. Abin da ya yi kawai, ya ƙirga saura.

Alƙali Shuraih kuma ya ce idan musiba ta same shi yakan gode wa Allah sau huɗu: da ba ta fi haka girma ba, da aka ba shi haƙuri a kanta, da aka datar da shi ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, da kuma ba a sanya ta a addininsa ba. Gwada wannan a kanki bayan sallar asuba, kafin hidima ta taso. Maigidanki yana raye. Ke ƙafafunki suna ɗaukarki. Shekara biyu ba ki gudu kin bar shi ba, wa ya ba ki wannan ƙarfin? Kina da yayar da take ɗaga waya. Kuma hadisin Buhari da Muslim ya ambaci gajiya da sunanta, a farkon jerin abubuwan da Allah ke kankare zunubin musulmi da su, tare da ciwo da damuwa da baƙin ciki, har ƙayar da ta soke shi. Wato abin nan da kike jin kunyar faɗa, ana rubuta miki shi.

Abu ɗaya zan gargaɗe ki a kai, saboda masu jinya suna yawan faɗawa cikinsa: zagin cutar. Manzon Allah (SAW) ya shiga wurin Ummus Sa'ib ya same ta tana karkarwa, ya tambaye ta, ta ce zazzaɓi ne, kada Allah ya yi masa albarka. Ya ce kada ki zagi zazzaɓi, yana tafiyar da zunuban ɗan Adam kamar yadda zugazugi ke tafiyar da dattin ƙarfe. Muslim ne ya ruwaito. Musamman kada ki yi hakan a gaban mara lafiyar, domin shi zai ji kamar shi ake nufi.

Kuma haƙuri bai hana ki neman magani ba, bai hana ki ce wa danginsa su zo su kama ba. Jinyarsa ba a wuyanki ke kaɗai take ba, 'yan'uwansa suna da nasu kason, kuma tunatar da su cikin ladabi ba raki ba ne. Idan rashin barci da ƙuncin rai suka kai ga ba kya iya hidimar kanki, faɗa wa likita kamar yadda kike faɗa masa ciwon maigidan. Ki yawaita addu'ar da Ummu Salama ta koya daga Manzon Allah (SAW), ta kuma yi ta lokacin rasuwar mijinta Abu Salama: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha, wato ya Allah ka ba ni lada a kan musibata, ka musanya mini da abin da ya fi ta alheri. Ita kuwa babbar taku, ki gaishe ta da mutunci kamar kullum, ba sai kin yi jayayya da ita ba.

Wallahu a'alam.