Ki zubar da man nan, kada ki tace shi

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce kin jiƙa ɗanyen ganyen rozmeri da na'a-na'a a man lauz, wato man almond, bayan kwana goma kin ga wani fari-fari a sama kuma ƙamshin ya canja, kina tambaya ko za ki tace ki ci gaba da shafawa. Don Allah kada ki tace. Ki zubar da shi duka, ki wanke kwalbar da ruwan zafi da sabulu, ki bar ta ta bushe ƙarau. Abin da kika gani fumfuna ce, kuma tacewa ba ta fitar da ita. Na san zafin asarar, don man lauz na gaske ba abin wasa da shi ba ne, amma ni na yi ƙoƙarin ceton nawa, na kuma ɗanɗana kuɗata.

Wata mata ce ta koya mini haɗin, ita ce kuma ta sayar mini da man. Ta ce ɗanyen ganye ya fi ƙarfi, wai busasshe ya riga ya mutu. Na wanke ganyena, ban ma bari ruwan ya tsane ba, na danna a kwalba, na zuba mai, na rufe. Da farin abin ya fito na ɗauki hoto na tura mata. Amsar da ta ba ni har yau tana cikin wayata: wai alamar maganin ya nuna ne, in kwashe na saman in shafa. Na yarda da ita saboda yadda take magana kamar wadda ta sani.

Dare uku na shafa a fuska da wuya. A na huɗu ƙaiƙayi ya tashe ni wajen ƙarfe biyu. Na kunna fitila na duba madubi, fatar idona ta kumbura, kumatuna sun yi ja suna zafi kamar an goga mini barkono, wuyana duk ƙananan ƙuraje. Na zauna bakin gado ina danna tsumma mai sanyi ina kuka, ina tsoron kada in sosa. Da safe ƙaramar 'yata ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi ƙarasowa. Wallahi wannan tsayuwar tata ta fi mini ƙurajen ciwo. Na kira matar nan sau biyar ba ta ɗauka ba. Da ta tashi amsawa da yamma, cewa ta yi jinina ne ba shi da kyau, wai dattin jikina ne ke fita, in ƙara shafawa. Ko sannu ba ta ce mini ba. Bayan kwana biyu ta toshe lambata. Na yafe mata kuɗina, amma maganar jinin nan ban iya mantawa ba, domin sai da na yi mako ina zargin jikina alhali laifin na kwalbar ne. Kusan wata biyu na yi kafin tabon wuyana ya dushe.

Likitar da ta duba ni ce ta fara tambayata ko ganyen ɗanye ne. Ɗanyen ganye yawancinsa ruwa ne, ruwa kuma ba ya haɗuwa da mai, sai ya kwanta a ƙasa ko ya maƙale a jikin ganyen, nan fumfuna da ƙwayoyin cuta ke samun wurin zama. Tun daga ranar busasshe kawai nake amfani da shi, wanda in kin murza zai karye ya yi gari. In ya lanƙwashe bai bushe ba. Cokali ma da kwalba da murfi, kada ɗigon ruwa ko ɗaya ya taɓa su.

Yadda nake yi yanzu, ina cika rabin kwalba da busasshen ganye ko fure, in zuba mai har ya rufe shi ya hau sama da kamar faɗin yatsa biyu. Duk abin da ya leƙo saman mai shi ke fara lalacewa. Ina ajiyewa mako 4 zuwa 6, ina girgizawa duk bayan kwana biyu, sannan in tace da ƙyalle mai tsabta. In kina sauri, ki sa kwalbar cikin tukunyar ruwan ɗumi a kan wuta ƙasa-ƙasa na awa biyu zuwa uku. Kada man ya tafasa, in ya soya ganyen kin ɓata aikin. Ni furen babunaj (chamomile) da kalandula sun fi karɓar fatata. Girfa da kanumfari kuwa ki nisanta su da fuskarki, zafinsu na ƙona fata.

Na manta ban tambaye ki ba, kin duba rubutun jikin kwalbar man naki? Lauz iri biyu ne, mai zaƙi da mai ɗaci. Na shafawa shi ne mai zaƙi. Mai ɗacin yana da wani sinadari, amigdalin, da ke sakin gubar sayanayid, ba na irin wannan haɗin ba ne. Wanda matar nan ta ba ni ko takarda babu a jikinsa, cikin roba fara, kuma yana ƙamshi mai ƙarfi kamar turare. Man lauz mai zaƙi na gaske ruwan ɗorawa ne mai haske, ƙamshinsa kaɗan ne ƙwarai. Har yau ina tunanin me ta zuba a ciki.

Kuma ki gwada kafin ya hau fuskarki, ko da haɗin ya fito lafiya. Ɗigo ɗaya a cikin gwiwar hannu, ki jira awa 24 zuwa 48. In a gidanku akwai wanda jikinsa ba ya karɓar lauz ko danginsa, kada ki shafa masa, musamman yara, sai kin ji ta bakin likita. Idan kin riga kin shafa wancan mai fumfunar kuma kika ga kumburi a leɓe ko ido, ko numfashi ya yi miki nauyi, ki tafi asibiti a lokacin, kada ki tsaya jiran amsarmu a nan.

Duk da abin da ya faru ban daina son man ba. Kaushin ƙafata da bushewar ƙaurina shi ya gyara. Ina shafawa ne da na fito wanka jikina da sauran danshi, domin mai ba ya ƙara wa fata ruwa, riƙe wanda ke jikinta yake yi. Yana da bitamin E, kuma mafi yawansa kitsen nan ne da ake kira oleyik, shi ya sa yake laushi, amma mai fuskar da ke yawan maiƙo da ƙuraje ta yi a hankali da shi. Masu cewa yana haska fata ko yana kare rana, ni ban ga haka ba, kada ki fita rana kina dogaro da shi.

In kin tace sabon haɗin, ki zuba a kwalbar gilashi mai duhu, ki rubuta ranar a jiki, ki ajiye nesa da zafi da haske. Ni ba na wuce wata shida da nawa, kuma duk ranar da na ji warin tsohon mai, shi ke nan. Ki fara da kaɗan, rabin ƙaramin kofi ya isa, don in ya ɓaci asarar ba za ta sa ki sha'awar tacewa ba kamar yadda ta sa ni. Ki faɗa mana ko kin riga kin shafa, hankalina na wajenki. Allah Ya tsare miki fatarki.